Saje Ya Tafi, Ƙarafansa Suna Cikin Buhu

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi kowa zai koma, da mai tauraro a kafaɗa da wanda bai taɓa sa takalmin soja ba.

Ni mai wannan rubutu tsohon Babban Likitan Soja ne mai ritaya, kuma Shugaban Majalisar Masu Adana Kayan Tiyata na Da. Ba kowa nake ɗaukar alƙalami dominsa ba. Amma ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, bayan an idar da sallar La'asar, aka zo aka ce mini Saje ya cika. Da safe aka kai shi makwancinsa, na tsaya a bakin kabari har aka gama zuba ƙasa.

Saje, kai nake yi wa magana, ko da yake na san ba ka ji. Waɗanda nake so su ji suna nan da ransu. Ka tafi ka bar akwatunan kayan tiyata na sojojin da, waɗanda ka ƙare rabin rayuwarka kana tarawa. Yau akwatunan suna jibge wayam a bayan ƙofa, ƙarafan cikinsu kuma an haɗa su a buhu biyu. Babban ɗanka, wanda yaran gidan ke kira Kawu, ya ce ranar Asabar mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da sikelinsa. Abin da ya hana ni barci ke nan, shi ya sa ni rubutu.

Wanda bai san ka ba zai ce tsoho ne mai tara tarkace. Ba likita ba ne kai, kuma ba ka taɓa cewa kai likita ne ba. A yaƙin da kuka yi kuna samari, aikinka tafasa kayan aiki, miƙa wa likita abin da ya nema, da danne wanda za a yanka. Bayan ka ajiye kaki sai ka koma ɗan ɗakin nan na kusa da ƙofar gida, mai taga ɗaya, ka kafa kantoci na katako a bango uku. Duk wanda ya taɓa shiga ba zai manta warin ba, man keken ɗinki da kafur da tsohon katako. Kujerarka ta roba tana tsakiya, ƙafarta ɗaya ɗaure da waya, ka hana a sayo maka wata.

Akwatunan na katako ne masu nauyi, kusurwoyinsu da tagulla, cikinsu an shimfiɗe da karammiski, wani ja, wani shuɗin da ya koɗe. Kowane ƙarfe da gurbinsa da aka fafe daidai jikinsa. Ga zarto na yanke ƙashi. Ga wuƙaƙe dogaye kamar takobin yara. Ga hantsaki na ciro harsashi, da ƙugiyoyi, da ɗamara mai noti da ake murzawa a tsayar da jini, da wani ƙarfe mai haƙora zagaye na huda ƙoƙon kai. Akwai wata siririyar sanda mai ɗan kan tangaran, wadda kake cewa ana zura ta cikin rauni, in ta fito da baƙin zane to dalmar harsashi ta taɓa, in ta fito fes to ƙashi ne.

Da idonka ya fara yana, sai hannunka ya karɓi aikin. 'Yan kasuwa na kawo maka akwati daga nesa don ka faɗa musu gaskiyarsa. Kana fara shafa ƙota. In baƙin katako ce ko hauren giwa, ka ce wannan ya riga zamanin da aka san a tafasa kayan aiki, don katako ba ya jure tafasa. In ƙarfe ne zalla tun daga baki har gindi, ka ce yaro ne. Daga nan ka sa farce a gindin kaifi ka lalubi hatimin maƙerin, sannan ka mayar da ƙarfen gurbinsa ka girgiza akwatin kusa da kunne. Ɗan gida ba ya motsi. Wanda aka tsinto wani wuri aka cusa, shi ne zai yi ƙas-ƙas, shi kake kira agola.

Na tuna wani ɗan kasuwa mai zaƙin baki da ya zo yana rantse-rantse.

"Baba, wallahi yadda ka gan shi haka aka gada, ko allura ba a ƙara ba."

Ka shafa, ka girgiza, ka ce, "Akwatin dattijo ne, ban musa maka ba. Amma almakashin nan, jikana ya girme shi. Cire shi ka kai wa tela."

Wata baiwar Allah kuma ta zo da akwatin kakan mijinta a cikin zani, tana so ta rabu da shi don tsoro yake ba ta. Da kana da son kai da ka karɓe shi a banza. Sai ka zaunar da ita, ka gaya mata abin da ke hannunta, ka ce ta koma ta tara 'ya'yan mamacin su yi shawara tukun. Bayan ta fita ka yi ta tsaki har Magariba, don ranka na son akwatin nan kamar me.

Doka ɗaya ce a ɗakin: ba a gogewa. Ba soson ƙarfe, ba yashi, ba ruwa. Ɗigon mai a auduga, shi ke nan. Kana cewa mai goge tsohon ƙarfe don ya yi ƙyalli, sunansa yake kankarewa, in suna ya tafi kuma ya zama wuƙar yanka albasa. Ba ka kuma taɓa kusantar jikin mutum da ɗaya daga cikinsu ba. Unguwar nan kaf ta san in yaro ya taka kwalba, ko ɗan acaba ya kwashe fatar gwiwa, wurin Saje ake kai shi. Da sabon bandeji da ruwan gishiri kake wankewa, ba ka karɓar ko na goro, in kuma abin ya fi ƙarfinka ka ce, "Tashi, asibiti, kada in sake ganin fuskarka sai da takardar likita."

A nan dole in ambaci wani jikanka, ɗan 'yarka, wanda ka laƙa wa suna Tsatsa don ka ce babu ramin da ba ya shiga. Yaron nan ba shi da aiki a duniya, in ya taso daga garejin da yake koyon gyara, sai neman tsokana. Shi ne ya taɓa zuba wa limami gishiri a shayi. Shi ne ya kira Kawu a waya da muryar ɗan sanda har Kawu ya fito ba hula. Babu mai ɗaukar maganarsa da nauyi a gidan, kuma ba laifin kowa ba ne.

Wasansa da kai guda ne. Yana fakon ka fita alwala, ya shiga ya ɗauki hantsakin wannan akwati ya sa a na can, ya dawo da na can nan, ya zauna a bakin ƙofa kamar mutumin kirki. Kai kuma kowace yamma sai ka bi akwatunan ɗaya-ɗaya da tafin hannu. Kana isa wurin sai hannun ya tsaya.

"Tsatsa! Ɗan banzan yaro, wa ya kai agola gidan mutane?"

"Ni? Tsoho, idonka ne ya mutu, hannun ma ya fara bin sa."

"Zo nan in nuna maka hannun da ya mutu."

Sai ka kama wuyan hannunsa ka ɗora yatsansa a kan ƙarfen. Ji nan, ka ce, wannan haƙoransa a miƙe suke, na gidan a karkace. Ji ƙota, wannan zanenta ƙanana, waccan manya. Yaron yana dariya, amma da ya ga ana kama shi kullum, sai ya shiga neman waɗanda suka fi kama da juna don ya ci ka. Ba a neman masu kama sai an san bambanci. Shekaru ana wannan, kana zagi yana gudu, bai ci ka ko sau ɗaya ba.

Mutane na tambaya me ya sa mutumin da ya ga abin da ka gani zai cika ɗakinsa da zarto. Amsar na gan ta da idona. Wata rana samari na zaune a teburin mai shayi na bakin layi, ana gardamar wani rikici da ake ji a rediyo, wani mai ƙirar ƙarfi yana cewa da shi ne da tuni ya ɗauki bindiga, a yi ta ta ƙare. Kana wucewa ka ji. Ka ce su biyo ka. Ka buɗe akwatin nan mai jan karammiski, ka ɗauko zarton ka sa a hannun mai maganar.

"Riƙe. Yana da nauyi?"

"A'a, Baba."

"Ƙafa ta fi shi nauyi. Ni na sani, ni nake ɗauka."

Ka gaya musu yadda maganin sa barci ya ƙare muku a wani tanti, ruwan sama yana zuba, aka ci gaba da aiki haka nan. Mutum huɗu ke danne mutum ɗaya. Kai ne kake riƙe ƙafar da za a cire, don haka kai ne kake jin lokacin da ta daina zama ta mai ita. In an gama, kai ne kake kwasa a cikin bokiti ka kai ramin bayan tanti. Ka ce wasu da takalmansu ka zuba su, don babu lokacin kwance igiya. Ka ce waɗanda suka ƙera waɗannan akwatuna tun kafin a haifi kakanka, sun yi musu karammiski da tagulla kamar kayan ado, amma kukan da zarton ya ji iri ɗaya ne da wanda ka ji. Saurayin nan ya ajiye zarton a hankali kamar zai fashe. Ba a ƙara jin bakinsa kan bindiga ba.

Wa'azinka ke nan, Saje. Ba ka iya dogon jawabi ba, akwati kake buɗewa.

Sai ciwon suga ya zo maka ta ƙafa. Ɗan yatsa ya fara baƙi. Kafin kowa ya gane, kai ka riga ka ji warin, ka san shi tun kana saurayi. Likita ya ce sai an cire daga ƙasan gwiwa. Ka sa yatsa ka nuna masa daidai wurin, ya ce haka ne. Sannan ka ce ba za a yi ba.

Likitan ya ce, "Baba, yanzu ba kamar da ba ne, ba za ka ji komai ba."

"Ɗana, ba zafin nake gudu ba. Na zuba ƙafafun mutane a rami ba masu su. Ina so in je da tawa."

Kawu ya yi faɗa, ya yi lallashi. Kwanaki suna tafiya, baƙin yana hawa. Maiɗakinka, wadda jikoki ke kira Inna, ita sai ta zauna a bakin gado tana roƙonka tana kuka. Ita ta karya ka. Ka ce to, a yi. Da aka zo tura ka ɗakin tiyata ka ce sai an nuna maka zarton. Aka yi dariya, aka kawo. Ka shafa shi, ka ce, "Ba ƙota, ba ado. Gara haka. Wannan bai yi wa kowa ƙarya ba."

Da ka farfaɗo, ba Kawu ka kira ba, ba limami ba. Tsatsa ka kira. Ka ce ya je ya karɓo ƙafar, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya kai maƙabarta ya haƙa mata rami ita kaɗai, kada ya bari a haɗa ta da shara. Yaron ya ɗauka ya rungume a ƙirji, ya hau bayan babur. Ya ce gaskiyarka, ta fi zarto nauyi.

An makara. Dafin ya riga ya shiga jini. Aka dawo da kai gida don ka nace, aka shimfiɗa maka katifa a ɗakin akwatuna. Rannan da yamma, don ya ga ko za ka yi dariya, yaron ya musanya wuƙaƙe biyu, ba ma masu kama ba, ɗaya ƙotar haure ɗaya ƙarfe zalla, irin wanda ko jariri zai gane. Ya ɗora maka akwatin a kan cikinka. Hannunka ya bi ta kai, ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa. Ka ce, "Lafiya lau suke. Rufe." Yaron ya mayar da kowace gurbinta, ya fita waje ya daɗe bai shigo ba. Ba a yi kwana da yawa ba ka cika.

Abin da ya faru bayan jana'iza ba mugunta ba ce, ina so a rubuta wannan. Masu gaisuwa sun cika gida, ana neman ɗakin da maza za su zauna. Matar Kawu da maƙwabta suka ce bari a gyara ɗakin marigayi. Suka ga ƙarafa sun yi duhu, suka ce ai abin kunya ne baƙi su ga kayan tsoho da datti. Suka zazzage akwatunan kaf a babban baho, suka zuba ruwa da garin sabulu, suka sa soson ƙarfe. Da zuciya ɗaya suka yi, suna yi suna maka addu'a. Kafin yaron ya dawo daga raka baƙi, ƙotoci uku sun sha ruwa sun tsage, wata doguwar wuƙa tana walƙiya kamar madubi, hatiminta ya tafi har abada. Ya yi ihu, aka ce Tsatsa ya fara haukan nasa ko a gidan makoki. Ya tsame su ya shanya, ya bi su da mai. Kawu ya zo ya ce a zuba a buhu, kada wani yaro ya yanke. Mahaucin bakin kasuwa har ya aiko yana tambaya ko za a bar masa zarton.

Ban ga laifin Kawu ba. Shi ya tashi yana jin ihun da ubansa ke yi cikin barci, shi ya san abin da ɗakin nan ya ci na lokacin uba da hankalinsa. In ya ce ba ya son ganin ƙarafan, yana da hujja. Amma a matsayina na Shugaban Majalisa ina sanar da iyalan marigayi cewa ƙarfen da aka raba da akwatinsa ya zama ƙarfen banza, akwatin da aka raba da ƙarfensa kuma itacen wuta ne. In suka hau sikeli ranar Asabar, za a narka su a yi ƙusa, kuma babu sauran abin da za a sa a hannun wani saurayi a ce masa riƙe.

Yanzu sai addu'a. Ya Allah, ga bawanka...

Na ɗaga alƙalami a nan na daɗe. Malaminmu na allo ya ce Allah ba a zuwa gabansa da rigar aro. Zan iya yi wa Kawu muryar ɗan sanda, zan iya yi wa duniya muryar Babban Likita, amma ba zan roƙa wa kakana gafara da sunan ƙarya ba.

Kawu, babu wani Babban Likita. Babu Majalisa, babu ofis. Ni ne, Tsatsa. Na san tun a tsakiya ka fara zargi, don wane babban mutum ne zai san waya a ƙafar kujera? Na ari sunan ne don na san in ka ga nawa a sama, ba za ka kai layi na biyu ba. Ban yi boko ba, kowa ya sani. Baƙaƙen nan da nake rubutu da su ma, a gindin wuƙaƙen nan ya koya mini su, yana riƙe da yatsana.

Ga roƙona, kuma wallahi ba wasa a cikinsa. Ka ce wa mai sikeli ya dakata. Ka ba ni mabuɗin ɗakin da buhunan nan biyu, in zauna in mayar da kowane ƙarfe gidansa. Ba zan iya duka ba. Akwai waɗanda shi kaɗai ya san su, akwai wuƙar da aka goge, waɗannan zan ware su gefe, ba zan cusa agola don akwati ya cika ba. In na gama, ba na neman ko allura. Ku magada ne, ku kai su makarantar koyon jinya ko duk inda za a buɗe wa matasa su gani. In kuma ka ce a'a, kai ne babba, zan ɗauko maka buhun da kaina. Amma ka shigo ka ce mini a'a a cikin ɗakin, kana riƙe da zarton.

Tsoho, ka tafi ban ci ka ba. Ta ƙarshen ba na lissafa ta.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da ƙafa ɗaya, ɗayar ta riga shi. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ihun da ya bi shi tun yana saurayi, Ka sa ya tsaya a bakin ramin, ya yi barcin da bai samu ba a duniya. Duk raunin da ya wanke Ka sa a mizaninsa. Waɗanda ya danne aka yanka, da waɗanda suka cika a hannunsa, Ka ji ƙansu baki ɗaya, Ka haɗa kowa da gaɓoɓinsa cikakku ranar tsayuwa.

Inna, Allah Ya ba ki haƙuri, ba ki yi kuskure ba da kika roƙe shi. Kawu, da mahaifiyata, da sauran 'ya'ya da jikoki, da matar Kawu da ta wanke da kyakkyawar niyya, da mutanen unguwa da yanzu ba su da wurin kai yaro in ya taka kwalba, Allah Ya ba mu jure rashinsa. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Wanda ya rubuta, ba Likita ba, ba Shugaba ba, jikansa ne Tsatsa, yana zaune a bakin ƙofar ɗakin yana jiran mabuɗi.